Gashin Bakin Matar Yaya

Yayana bajo yake bugawa. Idan ka taɓa ganin ɗan kewayayyen ƙarfen nan mai hoton ɗan takara, wanda ake maƙalawa a ƙirji da fil lokacin zaɓe, to shi ne sana'arsa, tun kafin gemu ya fito masa har gemun ya yi fari. Shagonsa yana ƙarshen layin 'yan zare, tsakanin mai gyaran agogo da mai walda, ni kuma rumfata tana kallon tasa, ina sayar da zare da allura da maɓallai. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kansa da idona na gani. Wanda ban gani ba matarsa ce ta ba ni, ita kuwa ba ta rage labari, sai dai ta ƙara masa gishiri.

Siririn mutum ne marar hayaniya, mai tabarau ɗaure da zare ta ƙeya, zaren ma nawa ne. Halinsa guda ne ya ishe mu: Yaya ba ya bayan kowa. Da safe ya buga wa 'yan jam'iyya mai alamar tsani, da rana ya buga wa 'yan almakashi, wani lokaci ma su haɗu a ƙofar shagon suna hararar juna, shi kuwa ya miƙa musu benci ɗaya. Idan aka tambaye shi wa zai zaɓa, sai ya ce, "Ni ƙarfe nake lanƙwasawa." A gida ma haka yake. In muka yi cacar baki da matarsa muka kai masa ƙara, zai saurare ni ya ce ina da gaskiya, ya saurare ta ya ce ita ma tana da gaskiya, sannan ya ɗauki hularsa ya fice.

Ni dariya abin yake ba ni. Matarsa kuwa ciwo yake mata, ciwo ba na wasa ba. Robobi take sayarwa a layin mata, su bokiti da baho da kofuna, kuma kasuwa duka Mai Roba take kiranta, har shi mijin. Ta sha gaya min cewa ba zinariya take nema a wurinsa ba. "Abu ɗaya nake so kafin in mutu, Auta," in ji ta, don da sunan da 'yan gidanmu suke kirana take kirana. "In ga ranar da yayanki zai tsaya a gaban mutane ya ce wannan tawa ce, ina bayanta. Ko a kan rigimar tsintsiya ce." Ina ce mata ta nemi wani burin, wannan ya yi tsada.

Ba daga sama halin ya faɗo masa ba. A wurin maigidansa ya kwasa, wani tsoho da ake ce wa Mai Gwangwani. A zamanin tsohon babu inji. Murfin gwangwanin madara ake yankewa, a daddale bakinsa da guduma don kada ya yanki mutum, a shafa fenti, a zana alamar jam'iyya da gashin kaza, a huda da ƙusa a zura fil. Kafin nan ma, in ji tsohon, ƙyalle ne kawai, waɗannan su ɗaura ja a hannu waɗancan su ɗaura kore. A lokacin, sa bajo ba ado ba ne, mutum yakan fita da shi a ƙirji ya dawo da ƙulu a goshi. Shi ya sa da yawa suke maƙala nasu ta cikin riga ko ta cikin hula, sai sun haɗu da nasu su ɗan ɗaga su nuna. Shi kansa tsohon an taɓa ƙona masa rumfa don an gan shi da bajo a ƙirji, alhali gwada fil ɗin yake yi ya ga ko yana kamawa. Daga ranar ya rantse ba shi ba ɗaukar ɓangare, ya kuma dasa wa Yaya tsoron nan tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba.

Yaya ne ya fara kawo inji layinmu, wani tsohon ƙarfe mai nauyin tsiya da ya saya a wata maɗaba'a da za ta rufe. Sai ya sa ɗan farantin ƙarfe, ya ɗora takarda mai hoto, ya ɗora leda mai sheƙi, ya danna, ya sa bayan mai fil, ya sake dannawa, ka ji ƙwas, bajo ya faɗo cikin kwano. Da wannan ƙwas ɗin ya aurar da ni, da shi ya sa 'ya'yansa makaranta.

Ya ga zamani iri-iri a kan injin nan. Da aka hana jam'iyyu na wasu shekaru, sai ya koma buga wa makarantu da 'yan ƙwallo da wani mai maganin tari. Shekarar da kuɗin burodi ya tashi, masu zanga-zanga suka sa ya buga musu hoton burodi ƙanƙane a tafin hannu, kafin la'asar masu gidajen burodi suka zo da nasu hoton, buhun fulawa yana hawaye, ya buga duka biyun ya shanya su a tabarma ɗaya. Wadda na fi so ita ce ta malaman makaranta. Suna yajin aiki aka hana sa bajo mai rubutu ko hoto, sai suka ce ya buga musu fari fat, babu komai a jiki. Gari ya cika da farin bajo, hukuma ta rasa ta inda za ta kama. Wani ɗan sanda ya zo shagon ya ɗauki guda, ya juya gaba ya juya baya, ya ce, "Malam, me wannan yake nufi?" Yaya ya gyara tabarau ya ce, "Ranka ya daɗe, tawada ce ta ƙare." Har yau ban sani ba ko wayo ya yi ko tsoro ya ji.

Yana da wata al'adar aiki da ba kowa ya sani ba. Duk washegarin da aka faɗi sakamakon zaɓe, sai ya saɓi buhu ya zaga gari. Mutumin da jiya yake rantsuwa da ɗan takara, yau sai ka gan shi ya tsinke shi daga ƙirji ya yar a kwata yana waige-waige. Yaya ya bi ya tsince, ya wanke, ya shanya, don a wurinsa ƙarfe ba ya faɗuwa zaɓe. Tsohuwar fuskar ba ta kankaruwa, gam ya riga ya cinye ta, in ka matsa sai farantin ya lotse. Don haka sai ya yanko baƙin kwali mai kauri, wanda yake kira labule, ya rufe tsohuwar fuskar, ya ɗora sabuwa a kai. Sai ka ga mutum yana tafe yana buga ƙirji da tsani, bai san almakashi na kwance a ƙarƙashi ba. Yaya yakan ce, "Suna nan ciki zaune lafiya, sun fi masu su hankali."

Mafi yawan abin da ke cikin buhunan nan fuskar mutum ɗaya ce, wani mai manyan motoci da ake kira Mai Gashin Baki. Allah ya jiƙansa, duk zaɓen da aka buɗe sai ya tsaya takarar kansila, kuma bai taɓa ci ba. Gashin bakinsa baƙi ƙirin ne, ya miƙe ya lanƙwaso ta gefe biyu kamar kan keke, kuma shi ne abin alfaharinsa a duniya. Duk sanda ya kawo aiki sai ya ce a zuba tawada sosai, yana so a hango gashin bakin daga tsallaken titi. Mutane su karɓi bajonsa da hannu biyu, su je su zaɓi wani. Ya rasu da daɗewa, amma ya bar Yaya da buhunansa jingine a bayan ƙofa.

Daga baya kasuwar bajo ta ja baya. 'Yan siyasa suka koma riguna da huluna masu hoto, matasa kuma suka koma zanga-zanga a cikin waya. Sai ƙananan zaɓuɓɓuka suka rage wa Yaya, na ƙungiyar direbobi, na ɗalibai, na 'yan kasuwa. A irin wannan ne abin ya biyo ta gidansa.

Akwai wata kwata da ta ratsa layin mata. Da an yi ruwa sai ta cika ta tumbatsa, kuma duk kayan da ke layin babu mai son ruwa kamar roba. Sai ka ga bahon matar Yaya ya kama hanya, kofuna na biye da shi, ita kuma ta tattare zane tana bin su da gudu. Shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, wani mai sayar da taya da kowa ke kira Ciyaman, ya daɗe a kujerar har mutane sun manta ana zaɓenta. Duk damina sai ya zo ya tsaya a bakin kwatar, ya girgiza kai, ya ce, "Za a duba." Rannan wani babban baho ya tsere mata har bakin tasha, ta dawo da shi a ka, jiƙe sharkaf, ta dire shi a tsakiyar layi ta ce ita za ta tsaya takara.

A shago ta same shi, ina zaune ina warware zare.

"Malam, bajo za ka buga min."

"To, Mai Roba. Kawo hoto."

"Kuma za ka sa guda a ƙirjinka."

Yaya ya sosa ƙeya. "Kin san dai ba na sawa."

"Ba tsani ba ce, ba almakashi ba ce. Ni ce, wadda take dafa maka abinci."

"Ai shi ya sa. Kowa ya san ke tawa ce, sai an rubuta?"

"Ni ban sani ba," in ji ta. Idonta ya sauka kan tabarmar da ke gefe, inda fuskar Ciyaman ta yi layi tana bushewa, kumatu cike da murmushi. "Wannan fa?"

"Shi ya riga ki zuwa."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai kan zarena, don na san in na yi dariya da ni za a haɗa.

Na Ciyaman sabon faranti aka sa masa, da takarda mai kauri, aiki tsaf. Nata kuwa kullum sai ya ce gobe, wai aikin gida ba ya gudu. Duk mai sana'a ya san wannan cuta, ni kaina rigar da nake sanye da ita yanzu babu maɓalli ɗaya. Sai da ya rage kwana ɗaya a yi gangaminta sannan ya zauna. Ya duba, sabon faranti ya ƙare. Ya duba, labule ya ƙare. Maimakon ya taka bakin titi ya sayo kwali, sai ya jawo buhun marigayi Mai Gashin Baki, ya karɓo hotonta a kan siririyar takardar nan ta masu fotokwafi, ya ɗora kai tsaye. Ya ɗaga guda ya duba a haske, bai ga komai ba. Bakin tsofaffin farantan ya ɗan lanƙwashe, ledar ba ta kama sosai ba, amma ya ce ai na yini ɗaya ne.

Gaskiya hoton ya yi kyau. Ta je wurin mai hoto da ɗaurinta na fita kunya da 'yan kunnen aurenta. Da ya kawo mata kwanon bajon sai ta ɗauki guda ta daɗe tana kallo. Ta ce min a hankali, "Duk fuskokin da ya buga a duniya, yau dai ya buga tawa." Ta ji daɗi har ranta, kuma ni ma na ji mata.

Ranar gangami mata suka fito kamar an yi shela, kowace da Mai Roba a ƙirji, ana kaɗa bokiti da baho maimakon ganga. Aka zaga layin 'yan takalma, aka biyo ta na 'yan hatsi, har wasu mazan suka karɓi bajon suka maƙala. Muna isa bakin kwatar hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Matar Yaya ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ga shaida ta zo da ƙafarta!" Nan da nan kwata ta cika ta fara aikinta, wani kwandon tumatir ya wuce ta gabanmu. Aka kifa mata duro ta hau, ruwa na dukanta, ta shiga magana. Ban taɓa sanin tana da baki haka ba. Babu wanda ya gudu neman mafaka, har 'yan dako suka sauke kaya suka tsaya.

Ana cikin haka wata mai gishiri da ke kusa da ni ta taɓa ni. "Auta, matar yayanki tana aski ne?"

"Wace irin magana ce wannan?"

Ta nuna ƙirjina. Na sunkuya. Ruwa ya shiga ta gefen ledar, takardar ta jiƙe ta zama shara-shara, ga wani baƙin abu yana tasowa a ƙarƙashin hancin matar Yaya. Ina kallo ya ƙara baƙi, ya miƙe, ya lanƙwaso ta gefe biyu. Ga ɗauri, ga 'yan kunne, ga gashin baki. Kuma da yake Yaya mutum ne mai ƙa'ida a aiki, duk fuskar da zai buga sai ya daidaita hanci a tsakiyar faranti, abin bai kauce ko kaɗan ba, ya zauna daram kamar da shi aka haife ta.

Na rufe nawa da hannu na waiga. Ko'ina shi ne. Wasu 'yan kaɗan tabarau ne ya fito musu, wata kuma hular wani tsohon ɗan takara, amma sauran duk marigayi ne. Dariya ta fara daga baya tana tahowa gaba. Ita kuwa a kan duro ta zaci zolayar da take wa Ciyaman ce ta yi daɗi, sai ta ƙara wuta, tana kwaikwayon yadda yake girgiza kai yana cewa za a duba. Mutane suka riƙe ciki, wani ɗan dako ya zauna dirshan a cikin ruwa. Sai da ta ga wata tsohuwa tana nuna ta tana share hawaye, sannan ta duba nata ƙirjin.

Ta sauko daga duron, ta ratsa mutane, ta miƙe cikin ruwan. Gidana ta nufa, ba nasu ba. Na iske ta zaune a bakin gadona da jiƙaƙƙen zane, tana kuka irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba ko a ranar rasuwa. Duk dariyar da ke cikina ta koma ciki, na ji kamar in je in ɗauko yayan nawa in jefa a kwatar.

Shi ya kawo kansa kafin magariba, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula.

"Labule ne ya ƙare, Mai Roba."

"Na Ciyaman ma ruwan ya dake su. Me ya fito?"

"Nasa ai sabon faranti ne."

"Nawa fa?"

Na yi ta ƙifta masa ido ya yi shiru, amma Yaya ba ya gane ƙifce. Ya ce, "Ke ai ta gida ce."

"Ta gida," in ji ta. Ta maimaita, "Ta gida." Sannan ta juya ta ce min, "Auta, gaya wa yayanki ta gida ta bar gida."

A wurina ta zauna. Kullum da safe ta ɗaura ɗankwali ta tafi rumfarta, kai a sama, ko da yake 'yan dako sun samu abin yi, da sun hango ta sai su shafa gawayi a ƙarƙashin hanci su gaishe ta da ladabi. Ba ta janye takarar ba, amma ta daina magana a taro. Yaya kuwa ya rame a tsaye. Shayi da burodi ya koma ci safe da rana, ya zauna gaban inji ya yi tagumi. Da na kai masa abinci sai ya ce, "Ta ce wani abu?" In ce, "Ta ce a gaishe da Ciyaman." Na san yana sonta, ita ma ta sani, amma ba son ɓoye take nema ba, ta gaji da shi.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, da hantsi, sai ga Ciyaman da mutanensa a layinmu, suna tafe suna dariya. Ya ajiye wata takarda a teburin Yaya. Daga rumfata na hango ta: hoton matar Yaya ne, an zana mata gashin bakin da kyau, har an ƙara masa tsawo.

"Malam, aiki na kawo, mai yawa. Sabon faranti nake so, yadda ko an wanke ba zai fita ba."

Mai agogo ya ajiye abin da ke hannunsa. Mai walda ya kashe wuta ya ɗaga gilashin fuskarsa. Kowa a layin ya san Yaya bai taɓa mayar da aiki ba, ya buga wa mai zagi ya buga wa wanda aka zaga. Ya ɗauki takardar, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sai na ji ya ce, "Hancin bai zauna a tsakiya ba." Wallahi almakashi na hannuna, saura kaɗan in wurga masa.

Ya ajiye takardar, ya leƙa waje ya ce wa mai walda, "Ara min sifana." Aka miƙo masa. Ya durƙusa gaban injin ya fara kwance notin da ke riƙe da hannunsa, wato doguwar sandar ƙarfen da ake ja a danna bajo. Notin ya yi tsatsa, bai taɓa kwantuwa ba tun da aka kawo injin, sai da ya haɗa gumi sannan ya saki.

Ciyaman ba mugu ba ne can, ya ga alamar abin ya yi nauyi, sai ya buɗe masa ƙofar fita. "Au, injin ne ya lalace? To ba komai, ma dawo."

Na san Yaya. Na ce a raina yanzu zai ce e, ya lalace, kowa ya tafi da mutuncinsa. Ya miƙe da sandar ƙarfen a hannu.

"Lafiyarsa ƙalau. Matata ce."

"Wasa ne fa, Malam, irin na siyasa."

"Na ji. A kai wani wurin."

Ya saɓi ƙarfen a kafaɗa ya fita, ko shagon bai rufe ba. Na bar rumfata na bi shi, mai walda da mai agogo suka biyo ni, kafin mu kai layin 'yan takalma mun zama ayari. Mutane suna darewa suna ba shi hanya, don duk wanda ya ga salihin mutum da sandar ƙarfe a kafaɗa ya san yau akwai magana. Wata mai kayan miya ta kama hannuna ta ce, "Wa zai kashe?" Na ce ni ma kallo na zo.

Matar Yaya tana jera kofuna ya isa. Ya sauke ƙarfen a cikin wani sabon baho, ƙwal, har bahon ya tsage.

"Mene ne wannan?"

"Hannun inji ne."

"Na ce maka na koma sayen ƙarfe?"

"Ki riƙe. Daga yau duk fuskar da za a buga, sai ta biyo ta wurinki." Sannan ya juya ya fuskanci jama'a. Mutumin da ko ciniki yake yi sai ka matso kafin ka ji shi, ya buɗe murya har ta sarƙe. "Jama'a, ku ji. Laifin gashin bakin nan nawa ne, ni na yi ha'incin aiki. Wannan matata ce. Kwatar nan kuma gaskiyarta ce. Ni ita zan zaɓa, kowa ya je ya faɗa."

Wani daga baya ya ce, "Mai Bajo ya shiga siyasa!" Mata suka ɗauki guɗa, aka hau dukan bokiti. Ita kuwa ta tsaya tana kallonsa, idonta ya cika taf. Sai ta ce, "Ka fasa min baho. Matsa, ka tsaya min a kan kaya." Da yamma ta zo ta tattara kayanta a ɗakina, ko sallamar kirki ba ta yi min ba.

Ba ta ci zaɓen ba, kada in yi ƙarya. Amma tazarar ba ta da yawa, har tsofaffin kasuwa suka ce marigayi Mai Gashin Baki bai taɓa kusantar nasara irin wannan karon ba. Ciyaman ya tsorata, kafin wata damina aka yashe kwatar aka yi mata murfi, ya zo ya tsaya a kai aka ɗauke shi hoto. Yaya kuma ya rasa masu kawo aiki da dama, wai yanzu an san yana da ɓangare. Bai damu ba, ko kuma ya damu bai faɗa ba.

Hannun injin bai koma wurinsa ba. Kullum da safe sai Yaya ya biya ta layin mata, ya tsaya a gaban rumfarta kamar mai neman aro. Ita kuma ta ce, "Yau fuskar wa?" Ya faɗa. Ta yi ɗan nazari, wani lokaci ta ja masa rai da gangan, sannan ta jawo ƙarfen daga ƙarƙashin benci ta miƙa masa. Da yamma ya dawo da shi su wuce gida tare. Ban taɓa jin ta hana shi ba, shi ma bai taɓa cewa ya gaji da zagayen ba, ko da gwiwa ta fara ba shi wahala. Haka suka yi shekaru har ciwon da ya kwantar da shi.

Bayan rasuwarsa da 'yan watanni wani mai buga kayan rabon biki ya zo sayen injin. Ni na raka shi wurinta. Suka daidaita, aka kira 'yan dako suka je shagon suka ɗora masa injin a amalanke. Mutumin ya zagaya injin ya duba, ya dawo ya ce, "Mama, ai babu hannu. An ce yana wurinki."

"Yana wurina."

"To a ba ni mana, in ba shi injin ba ya aiki."

"Ga mai walda can, ya ƙera maka wani," in ji ta. Ta sa ƙafa ta ƙara tura ƙarfen can ƙarƙashin benci. "Wannan ba na injin ba ne. Ni ya ba."